Goruba a Hamatar Bazazzagi

Bawana, ina yi maka gaisuwar rashi. Ya haƙuri? Allah ya ba da dangana. Na so in zo Zariya da ƙafata in zauna a tabarmar makoki ko na yini guda, sai na tuna mamacin Bature ne, kuma bai mutu ba, kai tun asali ma ba a taɓa haihuwarsa ba. Da na lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, sai na ga ta'aziyyar ba za ta mayar da uwar kuɗi ba. Ka san mu Kanawa da lissafi. Ku kuka faɗa, mu kuma ba mu taɓa musawa ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare ka kira ni. Kiran irin wannan lokaci kuwa ɗayan biyu ne, ko an haihu ko an rasu. Na zabura na lalubo wayar da salati a bakina, sai na ji muryarka tana karkarwa kana cewa, "Ya faɗo." Na ce subhanallahi, wa? Baba? Ka ce, "Shalok." Na ce wane Shalok, ɗan gidan wa ne a Tudun Wada? Ka ce a'a, na Landan, daga kan rufin asibiti, kuma da idonka ka ga jini. Na yi shiru ina tunanin laifin da kakannina suka yi har aka haɗa su wasa da Zage-zagi. Uwargida ta juyo ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, mutumin Zariya ne ya gano talabijin.

Bari in fara da inda zai fi yi maka zafi. Abin da ka kalla har ka hana ni barci, kashi na uku ne a zango na biyu na shirin Sherlock na BBC, wanda suka sa wa suna The Reichenbach Fall. An nuna shi ranar 15 ga Janairu, 2012. Sake nanata shekarar a bakinka. A wancan makon mu nan ana tsakiyar yajin aikin janye tallafin mai, ana ta kururuwa don lita ta bar naira 65. Jaririn da aka raɗa wa suna ran nan, yau ya isa a aike shi kasuwa ya dawo ya ce ba canji. Duniya ta yi kukanta, ta yi musunta, ta share hawaye ta kama harkokinta, sai ga ka yanzu da ihu bayan hari, don yaron shagon tura finafinai ya cika maka waya. Birnin ilimi ke nan. Ba a ce labari ba ya isowa gare ku ba, yana isowa, a kan jaki dai.

Amma in yi maka adalcin da ba ka cancanta ba, kashin nan ya isa ya hana mai hankali barci, balle kai. Jim Moriarty, takadarin da Andrew Scott ya fito a matsayinsa, ya buɗe taskar Babban Bankin Ingila da kurkukun Pentonville da ma'ajiyar kayan sarauta ta Hasumiyar Landan a lokaci guda, da 'yar wayar hannunsa, sannan ya ɗare kujera ya kifa kambin sarauta a ka yana jiran 'yan sanda. Aka kai shi kotu, bai kare kansa da komai ba, aka sallame shi, don ya riga ya bi masu taya alƙali yanke hukunci ɗaya bayan ɗaya ya tsorata su. Daga nan ya koma kan abin da ya kawo shi, wato zubar da mutuncin Sherlock. Ya sa aka sace 'ya'yan wani jakada guda biyu, aka shirya abin yadda da yarinyar ta ga Sherlock sai ta ƙwalla ƙara. Ya samu wata 'yar jarida ya ce mata shi fa ba kowan kowa ba ne, ɗan wasan kwaikwayo ne mai suna Richard Brook, Sherlock ne ya ɗauke shi haya ya fito a mugu don a riƙa yi masa kirarin basira. Makircin da ko kishiyoyi uku suka haɗa kai ba za su ƙulla shi ba.

Sai aka hau rufin asibitin St Bartholomew's, tsohon asibitin nan na Landan da aka kafa tun 1123. Moriarty ya ce ga zaɓi: ko ka dira, ko maharbana uku su kashe mutum ukun da kake da su a duniya, wato amininka Dokta John Watson, da dattijuwar da kake haya a gidanta, da Sufeto Lestrade. Da ya ga Sherlock ya hango kafar da zai bi ya tilasta masa janye umarnin, sai ya sa bindiga a bakinsa ya rufe kafar da kansa. Sherlock ya kira John a waya, ya ce ya tsaya daidai inda yake, ya ce duk abin da ake faɗa gaskiya ne, shi maƙaryaci ne. Ya yar da wayar, ya buɗe hannuwa, ya taho. John ya ruga, wani mai keke ya banke shi ya faɗi, kafin ya iso mutane sun kewaye gawa. Ya kama wuyan hannu, shiru. Aka yi jana'iza, John ya tsaya a kan kabari yana roƙon abokinsa ya daina wannan mutuwar. Yana juyawa ya tafi, sai aka nuna mana Benedict Cumberbatch can gefe cikin doguwar kwat ɗinsa yana kallo, ko ƙwarzane babu. Aka rufe shiri.

Nan ne mai hankali zai danna kashi na gaba, tunda yana nan cikin wayarsa. Kai kuwa sai ka rantse ba za ka buɗe shi ba sai ka gano da kanka yadda aka yi. Wai kada a ce Bature ya fi Bazazzagi kai. Majiyata a gidanka, wadda ba zan tona ba tunda ita ke ba ka tuwo, ta ce ka ƙwace littafin lissafin autanka ka zana titin asibitin, ga inda John ya tsaya, ga ɗan ginin da ya kare masa gani, ga mai keke, ga kibiyoyi ta ko'ina kamar hatimin malamin tsibbu. Ta ce ka mayar da wurin dirowar baya ya fi sau talatin, kana tsayarwa kana kanne ido ɗaya. Ranar Talata ka kira ni ka ce ka gano: "Motan nan ne! Motan da ke fake da buhuna, cikinsa ya faɗa." Da Hausarku da ba ta san mace ba. Na ce to, Allah ya ƙara basira. Ranar Laraba ka ce a'a, ba motan ba ne, gawar Moriarty aka jeho. Ranar Alhamis ka fara zargin dattijuwar mai gidan haya, don wai idonta bai yi ja sosai a maƙabarta ba. Baiwar Allah tana zaman zamanta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Maganar goruba ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka lura, kuma a nan na sara maka, cewa kafin hawa rufin an nuna Sherlock a ɗakin gwaje-gwaje yana wasa da 'yar ƙwallon roba, yana buga ta tana dawowa. Ka tuna akwai babbar jijiyar jini da ke bi ta hamata ta gangara hannu, in aka matse ta da abu mai tauri bugun da ake ji a wuyan hannu yakan yi rauni har ya ɓace na ɗan lokaci. Ilimi ne, ban hana ka ba. To da yake ba ka da ƙwallon roba, sai ka aika aka sayo maka goruba. Ka cusa ta a hamata, ka miƙe a tsakar gida a kan tabarma, ka rufe ido, ka ce wa Hajiya ta zo ta duba ko kana da rai. Ta zo da ludayi a hannu, ta dube ka sama da ƙasa, ta ce mamaci ba ya ƙamshin daddawa, ka tashi ka ba da kuɗin cefane. Ka ce ta dai taɓa. Ta taɓa, ta ce ita ba ta ji komai ba, amma ko jiya da ba goruba ba ta san inda ake ji ba. Ka kwanta nan kana matsa har hannu ya sage, da aka kawo abinci sai da ka jira ya dawo hayyacinsa. Gorubar kuwa, an ce bayan an gama binciken kimiyya ka wanke ta ka gwaguye. Mu ake ce wa marowata.

Na so in bar zancen filon da ka sa wa tsohuwar rigarka ka jeho daga kan soro don ka ga yadda gawa ke sauka, amma maƙwabcinka da abin ya dira gabansa yana alwala ya ce kada in bari. Ya ce har yanzu bai ga butarsa daidai ba.

Abin da ke ba ni dariya, Sarkin Binciken Zazzau, shi ne na san ka. Kai ne ka tayar da gida kana neman hularka tana kanka. Kai ne ka yi kwana biyu kana tuhumar kyanwa a kan naman miya, alhali ɗanka na zaune gabanka da maiƙo har kunne. Arthur Conan Doyle, likitan da ya ƙirƙiri Sherlock Holmes, ya ɗauko halin ne daga malaminsa na Edinbara, Dokta Joseph Bell, wanda kan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito kafin ya buɗe baki. Da ka ji haka sai kai ma ka fara. Baƙo ya yi sallama, ka dubi takalminsa ka ce, "Daga doguwar tafiya kake, ka bi ta jar ƙasa, kuma ranka a ɓace yake." Mutumin daga bayan katangarka yake, jar ƙasar ta ginin da kake yi ce da ta toshe masa lambatu, ɓacin ran kuwa shi ya kawo shi. Ɗaya cikin uku ka ci. A makarantarku ban san ko wannan ma cin jarrabawa ba ne.

To sassauta fuska, ba kai kaɗai ba ne. Turawan da suka kalla a kan kari sun fi ka hauka, sai dai su ba su da goruba. Washegarin nuna kashin aka wayi gari jaridun Ingila na buga hasashen masu kallo kamar sakamakon zaɓe. Masoya suka riƙa manna takardu a bango da turakun fitila, a Landan da wasu biranen duniya, suna rubuta cewa sun yi imani da Sherlock Holmes, kuma Moriarty gaskiya ne ba ƙage ba. Ka ji fa, zanga-zangar wanke sunan mutumin da babu shi, daga sharrin wani mutumin da shi ma babu shi. Akwai wata rumfar tarho kusa da inda ya faɗo, ta zama wurin ziyara, ana cika ta da wasiƙu da saƙonnin ta'aziyya. Mutane suka riƙa zuwa suna auna tsawon bene da faɗin titi, a ƙofar asibitin da marasa lafiya na gaske ke shiga.

Steven Moffat, wanda shi da Mark Gatiss suka ƙirƙiro shirin, maimakon ya yayyafa ruwa sai ya ƙara iza wutar. Ya ce ya bi hasashen mutane, kuma akwai wata alama guda da kowa ya tsallake. Shi ke nan, aka koma aka sake kallo daga farko. Kuma jiran ba na mako ba ne. Jaruman biyu sun yi tsada: Martin Freeman na can New Zealand yana fim ɗin The Hobbit, Cumberbatch na Star Trek. Shekara biyu cur ana dakon kashi guda. Abin ya kai har ƙasar Sin, inda shirin ke da ɗimbin masoya. Da Firaministan Birtaniya David Cameron ya kai ziyara can a Disamba 2013, ya buɗe shafi a dandalinsu na Weibo don jin ra'ayin jama'a, cikin abin da aka roƙe shi har da ya sa baki a gaggauta fito da Sherlock. Ya ba da haƙuri ya ce kamfani ne mai zaman kansa, ba zai iya ba su umarni ba. Mutum ya je neman kasuwa, an tare shi da zancen wasan kwaikwayo. Sinawan ma laƙabi suka sa wa jaruman: Sherlock suna kiransa Fu mai nannaɗaɗɗen gashi, Watson kuwa Gyaɗa, don sunansa a bakinsu ya yi kama da kalmarsu ta gyaɗa. Ka ga ashe Watson namu ne, ɗan dalar gyaɗa. Shi ya sa ya fi kowa hankali a shirin, kuma shi ya sa yake fama da aboki mai jin ya fi kowa sani. Na san zafin.

Su ma waɗannan gado suka yi. Conan Doyle ya gaji da Holmes. Yana ganin labaran bincike na hana shi rubuta manyan littattafan tarihi da yake jin su ne za su ɗaukaka sunansa. Mahaifiyarsa ta hana shi, ya saurara na ɗan lokaci, daga baya ya yi gaban kansa. A labarin The Final Problem da mujallar Strand ta buga a Disamba 1893, ya kai Holmes da Farfesa Moriarty bakin gangaren ruwan Reichenbach a ƙasar Suwizalan, ya sa suka rungumi juna suka ɓace. Daga nan sunan kashin da ya hana ka barci ya samo asali. Masu karatu suka yi masa ca da wasiƙun zagi, har ana ba da labarin mutum 20,000 sun janye daga sayen mujallar. Su ba shekara biyu suka jira ba. A 1901 ya ɗan lallashe su da The Hound of the Baskervilles, amma ya ce wannan tsohon labari ne, kafin mutuwar ya faru. Sai a 1903, da mawallafa suka ajiye masa kuɗin da ba a kawar da kai a kansu, ya tashi mamacin. Shekara goma. Kuka bai tayar da Holmes ba, zagi bai tayar da shi ba, kuɗi suka tayar da shi. Kafin ka faɗa, na riga ka: e, Conan Doyle Bakano ne a zuci, kuma muna alfahari da shi.

Ka san abin da Holmes ya ce ya yi a shekarun da ake makokinsa? Wai tun farko bai faɗa ruwan ba, wata kokawar Japanawa ya yi wa Moriarty ya sulluɓe, ya haye dutse ya ɓuya. Daga nan ya yi Tibet, ya ratsa Farisa, ya leƙa Makka, ya kai wa Halifa gajeriyar ziyara a Khartum. Leƙa Makka fa, kamar wanda ya biya Kasuwar Kurmi sayen zoɓe. Ko a nan masu bin ƙwaƙƙwafi ba su ƙyale marubucin ba, suka ce ai Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, a Omdurman yake zaune a shekarun nan, tsallaken kogi. Ina da yaƙinin wanda ya fara tono wannan kuskure, in aka bi salsalarsa, za a tarar kakarsa 'yar Ƙofar Doka ce. Kuma shekara da shekaru mutane na aika wasiƙu zuwa lamba 221B a titin Baker suna neman Holmes ya gano musu abin da ya ɓace, har kamfanin Abbey National da adireshin ya faɗa cikin gininsa ya ɗauki ma'aikaci musamman don amsa su. Da ka samu labari da wuri, na san da takardarka na ciki, kana cigiyar hula.

Yanzu gyara zama, don zan yi maka abin da ka roƙe ni da girman zumunci kada in yi. Zan faɗa maka yadda ta kaya. In ka ga dama ka rufe jaridar. Na san ba za ka iya ba.

A ƙarshen Nuwamba 2013 aka ga motar ɗaukar gawa tana zaga Landan ba gawa a ciki, sai furanni da aka jera suka rubuta ranar dawowar shirin. Ranar 1 ga Janairu, 2014, mutum sama da miliyan 9 a Birtaniya suka zauna gaban talabijin a daren, don kallon The Empty Hearse. Aka buɗe da amsa kai tsaye: Sherlock ya diro da igiyar roba ɗaure a ƙugu, an manna wa gawar Moriarty fuskar roba mai kama da tasa, ya fasa taga ya faɗa inda Molly Hooper, ma'aikaciyar mutuware, ke jiransa, ga kuma Derren Brown, shahararren mai wasan juya hankalin mutane, ya fito da kansa ya sa John barci. Masu kallo suka riƙe baki. Sai kawai aka yanke, aka nuna ashe wani ne ke ba Lestrade wannan tatsuniya, Lestrade na ce masa shirme ne.

Wannan wanin shi ne Anderson, kuma shi ne dalilin da ya sa nake so ka kalla. Tsohon jami'in binciken 'yan sanda ne, yana cikin waɗanda suka fara zargin Sherlock, nadama ta ci shi har aiki ya kuɓuce masa. Ya tara gemu buzu-buzu, ya lulluɓe bangon ɗakinsa da takardu da taswirori, ya kafa ƙungiyar masu hasashen yadda Sherlock ya tsira, suna taruwa suna musu. Wallahi da na gan shi sai da na duba ko an rubuta Samaru a ƙasan hoton. Gatiss, wanda ya rubuta kashin, ya ɗebo masu kallonsa ne ya zuba su cikin shirin, ya ce ga ku nan, ku kalli kanku. Aka sake kawo wata amsar ta bogi daga bakin wata 'yar ƙungiyar, aka sake yankewa.

Sai can wajen ƙarshe Sherlock ya zauna gaban Anderson ya ba da tasa. Shi da yayansa Mycroft suka shirya komai, sun tanadi hanyoyi 13 gwargwadon yadda ta kaya a kan rufin. Mutanen da ke titin duk nasa ne, cikin marasa matsugunin da ke yi masa leƙen asiri. Ƙatuwar katifar iska ya faɗa, a bayan ɗan ginin nan da ya kare wa John gani, wanda ka zana a littafin autanka. Molly ta samo gawar wani mai kama da shi, mutumin da aka yi amfani da shi wajen tsorata yarinyar jakada, aka jeho ta taga. Mai keke ya banke John da gangan, kafin ya farfaɗo an janye gawa da katifa, Sherlock ya kwanta an shafa masa jini. Bugun hannu kuma? 'Yar ƙwallon roba a hamata.

Ka ji. Gorubarka ta ci. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba, kuma in ka kawo zancen a gaban mutane zan ce ba ni na rubuta ba.

Sai dai kada ka yi saurin yanka rago. Da Anderson ya gama ji, sai ya yamutsa fuska ya ce shi abin bai burge shi ba, da shi ne ba haka zai yi ba. Can kuma ya fara tono ramukan da ke cikin bayanin, ya juyo ya yi tambaya, ya tarar Sherlock ya tafi. Aka bar shi yana yayyaga takardun bango yana dariyar da ba ta lafiya ba, aka bar masu kallo ba su san ko wannan ɗin ma gaskiya ce ba. John kuwa, da Sherlock ya ɓullo masa a gidan abinci cikin shigar sabis, da gashin bakin da ya zana da kansa, daidai lokacin da yake shirin neman auren Mary, bai tsaya jin dabara ba. A labarin 1903 suma Watson ya yi. Wannan shaƙe shi ya yi, aka kore su, suka koma wani wurin ya sake kai masa hannu, suka koma na uku ya fasa masa hanci. Ya ce shi bai damu da yadda aka yi ba, dalilin da ya sa aka bar shi shekara biyu yana kuka yake son ji.

Wasu masu kallo sun ji haushi, suka ce an raina musu hankali, an karɓi shekara biyunsu an biya su da gatse. Ni ban ga raini ba. Abin da na gani shi ne irin abin da ke tsakanina da kai. Ba ka tsokanar wanda ba ka san shi ciki da bai ba, kuma sai da marubutan nan suka zauna suka karance shirmen masoyansu tsaf kafin su iya kwaikwayonsa haka. Sun kuma san abin da Anderson ya nuna, cewa bayan shekara biyu ana saƙa da warwara, ba amsar da za a kawo a ce madalla. Amurkawa sun gwada ba da amsa tsirara. A 1990 ƙasar gaba ɗaya na tambayar wa ya kashe Laura Palmer a shirin Twin Peaks, gidan talabijin ɗin ya matsa wa David Lynch da Mark Frost suka fallasa mai laifin a tsakiyar zango na biyu. Da aka ji, sai kowa ya kaɗe rigarsa ya watse, a 1991 aka rufe shirin. Ko a majalisarku ta bakin titi ka duba mana, ranar da ake musun abin da zai faru a shirin Labarina mako mai zuwa ai an fi daɗewa ana shan shayi a kan ranar da kowa ya riga ya gani.

Saura abu guda, kuma don dare ya yi ne zan faɗa. Zancen motar nan mai buhuna da na yi maka dariya a kansa ranar Talata. A 2012 ni ma ita na kama. Na rantse a gaban mutane cikinta ya faɗa, har na sa kaza biyu a kan haka da wani abokin aikina, na yi shekara biyu ina cika baki. Ran da amsa ta fito na biya kaji, da kuɗina, ni Bakano. Har yau in na ga motar shara sai gabana ya faɗi. Ni dai ban kwanta a tsakar gida ba, ban kuma salwantar da butar kowa ba, saboda haka har yanzu ni ne ubangidanka.

Ka shigo Kano ranar Asabar mu kalli kashin tare, ka taho da kuɗin motarka na komawa don ba na ba da rance ga masu bincike. Ka biya wa maƙwabcinka buta kafin ka taso. In mun gama za ka roƙi na gaba da na gaba da shi, na san ka, kuma a ƙarshen zango na uku akwai fuskar wani da ka ga ya harbe kansa da idonka, za ta ɓullo a kowane allon talabijin na Ingila tana tambaya ko an yi kewarta. Wannan a gidanka za ka kalle shi, kai kaɗai. Ni daga ƙarfe goma na dare wayata a kashe take, Hajiya kuma ta ce in gaya maka ta ɓoye sauran gorubar.